Daga Kwalekwalen Bankok Zuwa Teburin Mai Shayi: Tarihin Taliya da Ƙwai

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, musamman don waɗanda data ba ta bar su sun saurari muryar ba.

Yau a kan abinci za mu tattauna, abincin da na tabbata wasunku shi suka ci daren jiya: Indomie da ƙwai. Ku bi titin Kano zuwa Katsina bayan isha'i, ku tsaya a Gidan Mutum Ɗaya ko a Kankiya, ku ƙirga teburan masu shayi. Da wuya ku ga wanda ba a jera ledojin Indomie da kiret ɗin ƙwai a kansa ba. Ku ratse titin ku shiga ƙauyuka irin su Dudunni a ƙaramar hukumar Kusada, inda rumbu gero da dawa ne a cikinsa, can ma za ku tarar da ita a shago. Dattawanmu da suka haura shekara 50 sun yi ƙuruciyarsu ba su san ta ba. To yaya aka yi ta shigo har ta zauna? Kuma me ya sa duk lokacin da dala ta motsa a Abuja, sai farantin saurayi ya ragu a Dudunni?

Don amsa wannan sai mun yi tafiya mai nisa, kuma zangon da zan fi daɗewa shi ne ƙasar Tailan. Mu dai mun san Tailan ne ta buhun shinkafa, wadda muke kira 'yar waje. Amma suna da wani labarin taliya da ya kamata mu ji, domin su ma aro suka yi kamar mu, sai dai abin da suka yi da aron ya bambanta da namu.

Mu fara daga tushe. A shekarar 2005 masu tonon kayan tarihi suka ba da labarin wani kwano da aka tono a kife a Lajia, arewa maso yammacin ƙasar Sin. A ƙarƙashinsa akwai taliya mai kimanin shekara 4,000. Da suka duba, suka ce da wasu nau'o'in hatsi dangin gero aka yi ta. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta. Daga Sin ne taliya ta bazu zuwa maƙwabta, kuma hanyar da ta bi ba ta sarakuna ba ce. 'Yan ci-rani ne suka ɗauke ta.

A ƙarni na 19, dubban Sinawa daga kudancin ƙasarsu, yawancinsu 'yan yaren Teochew, suka kwarara Bankok neman abinci, lokacin ana kiran ƙasar Siam. Dako suke yi a tashar jirgin ruwa da injinan casar shinkafa. Lebura yana buƙatar abinci mai zafi, mai arha, wanda ba zai ɓata masa lokaci ba. Sai 'yan uwansu suka fara sayar musu da taliya a cikin romo. Sunan da mutanen Tailan ke kiran taliyar shinkafa har gobe, kuwai-tiyao, daga bakin waɗannan baƙin ya fito. Akwai kuma bami, taliya ruwan ɗorawa da ake kwaɓawa da fulawa da ƙwai.

Bankok a lokacin gari ne na magudanan ruwa, kwalekwale shi ne abin hawa. Mai taliya sai ya ɗora murhu da tukunyar romo a cikin kwalekwale yana bi gida-gida. Shi ke tuƙi, shi ke zubawa, shi ke karɓar kuɗi, shi ke wanke kwano. Saboda kada romo mai zafi ya zube wajen miƙawa, ƙaramin kwano ake amfani da shi. Yanzu an cike yawancin magudanan an yi tituna, masu sana'ar sun hau tudu, amma har yau ana kiranta taliyar kwalekwale kuma kwanon bai girma ba. Mutum kan ci biyar ko goma, a ƙirga kwanukan a yi masa lissafi. A kan kowane teburi akwai mazubai huɗu: garin barkono, sukari, ruwan tsami mai barkono, da ruwan kifi mai gishiri. Kowa shi ke gyara nasa, kamar yadda ake tura maka robar yaji a wajen mai taliya ko mai ɗanwake. Sai dai in Allah Ya kai ɗayanku can, ya yi tambaya kafin ya zauna, don yawancin romon da naman alade ake yi, taliyar kwalekwale kuma har jini ake zuba mata. Akwai rumfunan Musulmi masu tambarin halal, su ake nema.

Da na ambaci Musulmi, akwai wata taliyar ƙwai a arewacin Tailan, wajen birnin Chiang Mai, da ake kira kau soi. Ana zuba ta a miyar madarar kwakwa da kayan ƙamshi, da naman kaza ko na sa, a barbaɗa soyayyar taliya a sama. Ana danganta zuwanta da fataken Musulmi daga lardin Yunnan na ƙasar Sin, waɗanda ke ratsa duwatsu da ayarin alfadarai. Wasunsu sun gudo ne bayan an murƙushe boren Musulmin Yunnan a 1873. Suka zauna, suka gina masallatai, abincinsu ya zama na gari. Wanda ya san tarihin fataken goro da suka kafa zango-zango daga Kano har Gwanja, wannan labarin ba zai yi masa baƙo ba.

To, yanzu ga inda siyasa ta shigo tukunya. A 1938 wani soja mai suna Plaek Phibunsongkhram, wanda aka fi sani da Phibun, ya zama firaminista. Shi ne ya sauya sunan ƙasar daga Siam zuwa Tailan a 1939. Mutum ne mai mulkin kama-karya, har irin tufafin da mutane za su sa sai da ya yi wa doka, kuma ya takura wa Sinawa a sana'o'i da dama. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ambaliya ta cinye Bankok da gonakin da ke kewaye, shinkafa ta yi wuya. Gwamnatinsa ta shiga kiran mutane su riƙa cin taliya, ta kuma ƙarfafa wa 'yan ƙasa gwiwa su shiga sayar da ita. Lissafin a fili yake. Taliyar shinkafa ana iya yin ta da karyayyar shinkafa da ba ta da daraja a kasuwa. In aka haɗa ta da tsiron wake, gyaɗa, ƙwai, busasshen jatan lande da tsamiya, kaɗan sai ta ƙosar. Kuma duk abin da ke cikin kwanon manomi ko masuncin ƙasar ne ya samar da shi. A wannan zamanin ne soyayyar taliyar da ake kira pad tai ta yi suna, sunanta ma yana nufin suya irin ta Tailan. A 2002 gwamnatinsu ta ƙaddamar da shirin yawaita gidajen abincin Tailan a ƙasashen waje, yau ga shi ana cin pad tai daga Landan har Dubai.

Ba yabon Phibun nake yi ba, wanda ya karanta abin da ya yi wa Sinawan da suka kawo sana'ar ba zai yabe shi ba. Abin da nake so ku lura da shi ɗaya ne: dabarar ta baƙi ce, amma an ɗora ta a kan amfanin gonar gida.

Mu dawo gida. Wasu matasa suna zaton Indomie ce farkon taliya a ƙasar Hausa. Ina! Ku tambayi kakanninku mata labarin 'yar murji. Kafin injin taliya ya zo, da hannu ake murza ƙullun alkama siriri-siriri, a shanya ya bushe. Aiki ne na haƙuri, shi ya sa ba abincin kullum ba ne, na baƙo ne da biki da gidan masu hali.

Kalmomin kansu suna ba da shaidar hanyar da abin ya biyo. Alkama daga Larabci take, al-ƙamh. Gurasa ma haka. Ita kuwa taliya, akwai masu cewa daga sunan ƙasar Italiya ta fito, ta bakin Larabawan Tarabulus. Akwai kuma masu haɗa ta da tsohuwar kalmar Larabci itriyya. Malamin nan al-Idrisi, a littafin da ya kammala a 1154, ya ambaci wani gari a tsibirin Sisili inda ake yin itriyya da yawa ana lodawa a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Ko wanne ka ɗauka, hanya ɗaya ce: daga bakin tekun Bahar Rum, a ratso Sahara ta Gadamas da Agadas, a sauka Katsina da Kano. A Kano har yau akwai unguwar Dandalin Turawa, kuma Turawan da ake nufi a sunan Larabawa ne, ba Ingilishi ba.

Wani abin da zai ba mutanen yankinmu sha'awa shi ne, wannan hanya ta ƙofar gidanmu ta bi. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya baro Katsina a ƙarshen Janairun 1851, ta Kusada ya biyo, ya wuce Bichi, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu. Hanyar ayari ce ya bi. Wato ƙasar da Dudunni take a cikinta ba lungu ba ce a tarihin ciniki, raƙuma da jakunan fatake sun daɗe suna ratsa ta.

Alkamar da ake wannan taliya da ita a gida ake noma ta. Da sanyin hunturu ake shuka ta a fadama, a yi ban-ruwa da jigo, a girbe kafin zafin bazara. Kaɗan ce, mai tsada ce, amma tamu ce. Daga baya ƙaramin injin da ake juyawa da hannu ya shigo, taliya ta sauko daga gidan attajiri ta zama sana'ar matan aure a cikin gida. A kwaɓa, a murza a inji, a shanya a igiya, a dafa, yara su fita da ita. Mai da yaji, wani lokacin da wake ko ɗan salak. Mata nawa ne suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki da wannan injin? Wannan ita ce taliyar Hausa, kuma sunan ya dace da ita, don hannun da ya yi ta da ribar da ta fito duk a cikin unguwa suke tsayawa.

Abin da ya sauya lissafi shi ne fulawar kamfani. An kafa Flour Mills of Nigeria a 1960, injinsa na Apapa ya fara niƙa alkamar da jirgi ke kawowa a 1962. Da kuɗin man fetur suka zo a shekarun 1970, burodi ya zama abin karin kumallon birni, alkamar Amurka ta yi ta shigowa da arha. Gwamnati ta yi ƙoƙarin noma tamu: aka gina madatsar Tiga a 1974 don ban-ruwa a Kadawa da kewaye, aka gina Bakolori a ƙasar Sakkwato ta lokacin. Amma abin da aka girbe bai taɓa kusantar abin da ake ci ba. A 1985 wasu masana biyu 'yan Sweden, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka fitar da littafi a kan Najeriya mai suna The Wheat Trap, wato tarkon alkama. Hujjarsu ita ce ƙasar ta saba wa bakinta da abin da gonarta ba za ta iya ciyar da ita da shi ba. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama gaba ɗaya. Manoman Kano sun ɗan ji daɗi, fulawa ta yi ta shigowa ta ɓarauniyar hanya, a 1992 aka ɗage dokar.

Ana cikin wannan ne Indomie ta iso. Asalin irin wannan taliya daga Japan ne. Wani ɗan kasuwa, Momofuku Ando, ya fitar da ita a 1958, lokacin da alkamar Amurka ta cika Japan bayan yaƙi. Dabararsa ita ce a turara taliyar ta dahu, sannan a tsoma ta a tafasasshen mai. Mai yana korar ruwan jikinta ya bar ƙananan ƙofofi, shi ya sa da ta ji ruwan zafi sai ta saki cikin minti biyu ko uku. Wato wadda kake sayowa a leda dafaffiya ce, jiƙa ta kawai kake yi. Dabarar ta bazu Asiya. A Indonusiya aka fara Indomie a 1972. Kamfanin Tolaram mai hedikwata a Singafo ya fara kawo ta Najeriya a 1988, a tsakiyar shekarun 1990 aka buɗe masana'anta a Ota ta jihar Ogun, daga baya aka ƙara a Fatakwal da Kaduna. Da farko mutane ƙyanƙyaminta suke yi, wai kamar tsutsa. Yau ƙididdigar ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya ta nuna Najeriya ta ci kusan ƙunshi biliyan 3 a 2023, babu ƙasar Afirka da ta kai ta.

Amma talla a talabijin kaɗai ba ta isa ta kai ta ƙauye ba. A ganina wanda ya yi wannan aikin shi ne mai shayi. Ku duba abin da yake da shi tun kafin ta zo: wuta a kunne, ruwan zafi a tukunya, kaskon suyar ƙwai, albasa da attaruhu a yanke, benci, da kwastomomin da ba su da mai dafa musu da dare. Ɗan acaba, ɗalibi, direba, gwauro, ɗan ci-rani. Abin da kwalekwale ya yi wa taliya a Bankok, shi teburin mai shayi ya yi mata a nan. Kuma da yake 'yan Arewa ne ke riƙe da wannan sana'a har a Legas da Fatakwal, salon dafawar da duk Najeriya ta sani, mai yaji da ƙwai a gefe ko a ciki, daga hannun yaranmu ya fito. Shi ma ƙwan yana da nasa labarin. A da ƙwan zabi ake ci da damina, na kaza a bar shi a ƙyanƙyashe, yaro kuma a ce in ya saba da ƙwai zai yi sata. Gidajen gonar kaji da masu shayi su suka kashe wannan camfin.

To ina matsalar take? Ku ɗaga ledar ku yi lissafin abin da ke ciki. Babban abu fulawa ce, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Najeriya ke amfani da ita daga waje ake sayo ta da dala, tan miliyoyi duk shekara. Da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, farashin alkama ya tashi a duniya. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin dakon kaya daga masana'anta zuwa Kankiya ya tashi. Da aka saki naira a watan Yuni na wannan shekarar, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk waɗannan a teburin mai shayi suka sauka. Wanda ke cin biyu da ƙwai biyu ya koma ɗaya da ƙwai ɗaya, wani ya ce a bar ƙwan. Har ita taliyar Hausa ba ta tsira ba, don yanzu yawanci da fulawar kamfani ake yin ta. Matar da ke murza inji a Dudunni, jarinta yana hannun wani yaƙi da ake yi a ƙasar da ba ta taɓa jin sunanta ba.

Kada a ce na mai da Tailan aljanna. Su ma alkamar bami da ta taliyar leda sayo ta suke yi daga waje, don ba ta yi a ƙasarsu. Suna da tasu irin Indomie mai suna Mama, har ana yi mata kallon ma'aunin talauci, in cinikinta ya ƙaru a ce aljihu ya yi zafi. Bambancin shi ne suna da mafita. In alkama ta yi tsada, ga taliyar shinkafa a rumfa ta gaba, kuma shinkafar tasu ce har suna sayar wa duniya. Mu kuwa taliyarmu ta leda, da sufageti, da makaroni, da ta Hausa, duk uwarsu ɗaya.

Wani zai ce ai gero da dawa ba sa yin taliya, ba su da danƙon alkama. Gaskiya ne ba su da shi. Amma ita ma shinkafa ba ta da shi. Abin da aka yi shi ne aka nemo mata dabarar da ta dace da ita: a markaɗa, a zuba siriri a faranti, a turara, a yanka. Kuma ku tuna kwanon Lajia. Mu ma ba baƙin irin wannan ilimi ba ne. Wadda ta fara haɗa garin wake da kuka da kanwa ta jefa a ruwan zafi ya zama ɗanwake bai watse ba, matsalar danƙo ta warware. Ruwan da Sinawa da Japanawa ke sa wa taliyarsu ta yi ɗorawa ta yi tauri, ɗan uwan kanwa ne. Dambu, burabusko, tsaki, duk dabarun sarrafa hatsin gida ne. Abin da ba mu yi ba shi ne mu kai su matsayin da za a dafa cikin minti uku a teburin mai shayi.

Ban ce kowa ya daina cin Indomie ba. Masana'antun nan 'yan Najeriya dubbai ke aiki a cikinsu, masu shayi kuma da ita suke riƙe gidajensu. Noman alkamar rani a Kano da Jigawa ma abin a ƙarfafa ne. Amma ina magana da ku masu karatun kimiyyar abinci da aikin gona a Katsina, Dutsin-Ma, Kano da Zariya, da ku masu ɗan jari da ke neman abin yi. Kasuwar ƙunshi biliyan 3 tana nan, teburan da za su sayar suna nan a kowace tasha. Duk wanda ya fito da abin da saurayi zai ci da daɗi, da sauri, da arha, daga dawa ko gero ko shinkafar gida, manomin Dudunni zai shiga cikin wannan ciniki a matsayin mai sayarwa, bayan shekaru yana mai saye kawai.

Kafin mu rabu, ga aikin gida. Wanda ke da kaka ko gwaggo da ta taɓa yin 'yar murji, ya zauna da ita ya tambaye ta: a ina ake samo alkamar, wa ya koya mata, yaushe ta fara ganin inji? Ku ɗauki muryarta a waya ku adana. Irin wannan tarihin ba a rubuta shi ba, yana bakin tsofaffinmu mata.

Nan za mu dakata. Allah Ya ba mu lafiya da abin sawa a baki, Ya sa albarka a damina da rani. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.